Gasar Wasanni ta Shiyya a Makarantun Sakandare: Misali Daga Shiyyar Gaya

1.0 Gabatarwa

Idan aka gama aikin kaka, sanyi ya fara shigowa, akan ga filayen makarantu sun cika da ɗalibai masu atisayen guje-guje da tsalle-tsalle. Wannan babi zai yi bayani a kan gasar da ake yi wa wannan shiri, wato gasar wasanni ta shiyya. Za a duba ma'anarta da tarihinta da tsarinta, a kuma kafa misali da shiyyar Gaya, domin mai koyon aikin malanta ya san nauyin da ke jiran sa.

2.0 Ma'anar Gasar Shiyya

Idan aka ce shiyya a nan, ana nufin rukunin makarantu masu maƙwabtaka da juna waɗanda ofishin ilimi guda yake kula da su. A Jihar Kano an karkasa makarantun sakandare zuwa irin waɗannan shiyyoyi, kuma Gaya, wadda take gabas da birnin Kano ta hanyar Wudil, tana ɗaya daga cikinsu. Saboda haka gasar shiyya ita ce karawar da makarantun rukuni ɗaya suke yi a tsakaninsu, kamar a ce makarantun Gaya da na Ajingi, domin fitar da gwanayen da za su wakilce su a matakin jiha.

3.0 Tarihi

3.1 Kafin Zuwan Turawa

Gasa tsakanin gari da gari ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko, samari sukan yi tattaki bayan kaka zuwa garuruwan maƙwabta domin kokawa da dambe, yara kuma suna yin langa a dandali idan akwai farin wata. Wanda ya yi kaye, garinsu ya yi wa, ba kansa kaɗai ba. Wannan kishin gari shi ne daga baya ya rikiɗe ya zama kishin makaranta.

3.2 Zamanin Mulkin Mallaka

Karatun boko ya kankama a Kano da makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909. Daga baya aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ita ce tushen Kwalejin Barewa ta Zariya, sai kuma Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Turawa sun ɗauki wasa a matsayin hanyar koyar da ladabi da juriya da bin jagora. Don haka suka shigo da ƙwallon ƙafa da kurket da fayif, wato wasan buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango da tafin hannu, wanda Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya shahara da shi. Su ne kuma suka kawo tsarin raba ɗalibai gida-gida. Babbar ranar wasanni a lokacin ita ce 24 ga Mayu, Ranar Daula, wadda ta yi daidai da ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. A shekarun 1930 aka fara gasar Garkuwar Hussey, wadda ta haɗa ɗaliban Arewa da na Kudu, aka kuma raɗa mata sunan Daraktan Ilimi na Nijeriya na wancan lokaci.

3.3 Bayan Samun 'Yancin Kai

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, makarantun sakandare suka yaɗu zuwa garuruwan karkara. Yawan nasu ya sa ba zai yiwu a tara su duka a birni ba, sai dole a fara tankaɗe da rairaya daga shiyya. A matakin ƙasa kuwa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973, domin ɗinke ɓarakar yaƙin basasa; Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977. An kafa Ƙungiyar Wasannin Makarantu ta Nijeriya a 1976. Abin sha'awa shi ne, langa da kokawa da dambe sun sami gurbi a bikin na ƙasa, wato abin da ya taso daga dandali ya koma fage da alƙali da dokoki.

4.0 Tsarin Gasa

Gasar tana tafiya ne hawa-hawa kamar tsani:

i. gasar gida-gida a cikin makaranta;
ii. gasar shiyya;
iii. gasar jiha;
iv. gasar ƙasa.

A ɗauka akwai wani yaro a wata makaranta a Ajingi wanda ba a kamo shi a tseren mita 400. Idan ya yi zarra a makarantarsu, sai a kai shi shiyya. Idan ya sake yin nasara, sai jiha. To amma idan ba a yi gasar shiyya a shekarar ba, tafiyarsa ta tsaya ke nan. Ɗan birni yana iya samun mai ganin sa a kulob ko a filin wasa na Ƙofar Mata, amma ɗan karkara wannan mataki ne kaɗai ƙofarsa.

5.0 Kalmomin Fagen Wasa

Malamin Hausa zai lura cewa harshen ya bi hanyoyi uku wajen samar da kalmomin wasanni. Ta farko ita ce aro, kamar gola da kofi da kyaftin. Ta biyu ita ce ƙirƙira, kamar ƙwallon kwando da jifan mashi da jifan dalma. Ta uku ita ce faɗaɗa ma'ana, kamar yadda alƙali da zakara da garkuwa suka sami sabon aiki a filin wasa.

6.0 Matsaloli da Aikin Malami

Daga cikin abubuwan da kan kashe irin wannan gasa akwai ƙarancin kuɗin mota, da cinye filayen makaranta da gine-gine, da barin 'yan mata a baya, da kuma sanya ɗan haya, wato wanda ba ɗalibi ba, ko rage wa ɗan wasa shekaru. Wannan ta ƙarshe ta fi muni, domin malamin da ya yi ta ya koya wa ɗalibansa ha'inci a fili. Haka nan kuma, idan ba a rubuta sakamako ba, tarihin gasar yakan tafi tare da malamin da aka yi wa canjin wurin aiki. Ya kamata kowace makaranta ta tanadi littafi guda da za a riƙa shigar da shekara da sunan wasa da gwani da lokacin da ya ɗauka. Malamin Hausa yana iya sa ɗalibansa su yi hira da tsofaffin ɗalibai da malamai, su rubuta abin da suka ji.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gasar shiyya ta tsiro ne daga saiwa biyu, wato wasannin gargajiya da tsarin makarantun boko. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗorewar wannan mataki da adana tarihinsa suna hannun malami.

Tambayoyi

1. Kawo matakai huɗu na gasar wasannin makarantu.
2. Bayyana hanyoyi uku na samar da kalmomin wasanni, da misalanka na kanka.