Daga Ikko Zuwa Ƙofar Jatau: Yadda Ake Auna Nisan Tafiyar Jirgin Sama

Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, amma matuƙin jirgin sama ba ya jiran sai ya je kafin ya san nisa. Tilas ne ya lissafa shi tun yana ƙasa, domin da wannan lissafi ake auna man da za a zuba masa, kuma babu gidan mai a sararin samaniya. Wannan na cikin darussan da ake koyarwa a Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. To, bari mu gwada auna tazarar da ke tsakanin Ikko, a bakin teku, da Ƙofar Jatau a birnin Zazzau.

Masana sun zana wa taswirar duniya layuka iri biyu. Na kwance suna nuna nisan wuri daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa. Na tsaye kuwa suna nuna nisansa gabas ko yamma daga Girinwic ta Ingila. Da yake kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, kuma da'ira digiri 360 ce, kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kama kilomita 111.

Ikko tana kan digiri 6.5 arewa, 3.4 gabas. Zariya kuwa tana kan 11.1 arewa, 7.7 gabas. Ke nan Zariya ta ɗara Ikko da digiri 4.6 ta arewa, wato kilomita 511. Ta gabas bambancin digiri 4.3 ne, sai dai a nan akwai abin lura: layukan tsaye suna matsowa kusa da juna yayin da ake nausawa arewa, har su haɗu a ƙuryar duniya. Tsakanin garuruwan nan biyu digirin gabas kilomita 110 ne, saboda haka mun sami 473.

Yanzu muna da alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa, sai mu ɗauko ƙa'idar Paitagoras. A ninka 511 da kanta, a ninka 473 da kanta, a haɗa: 484,850. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan jimilla ita ce kusan 696. Ashe kilomita 700 ne, ba kaɗan. Jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa zai cinye ta cikin ƙasa da awa guda, alhali mai mota, da ke bin lanƙwasar hanya yana neman gadar Kwara a Jabba ko kusa da Lakwaja, yini guda ba lalle ya ishe shi ba.

Duk da haka matuƙi ba ya ɗaukar man kilomita 700 cif. Akwai iskar da kan tare gaban jirgi, ga kuma hazon hunturu da kan rufe filin sauka, sai an karkata zuwa wani gari. Don haka doka ta wajabta guzurin mai.

Wannan dabara ta alwatika gajeriyar tafiya kawai take yi wa aiki, domin duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Idan tafiyar ta yi tsawo, kamar daga Kano zuwa Jidda, malami ya kawo ƙwallon taswirar duniya da zare cikin aji, ɗalibai su ɗame zaren tsakanin biranen biyu, su auna tsawonsa a jikin ikwaita, su ninka digirin da 111.