Ƙasa Ta Fi Kusa da Rana a Tsakiyar Hunturu: Ga Yadda Ake Lissafin

A farkon watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari, jama'a na jin ɗumi a bakin murhu, in ka gaya wa mutum cewa a makon nan ne duniyarmu ta fi kusantar rana a duk shekara, sai ya ce zolayarsa kake yi. Amma kuwa haka abin yake, kuma duk wanda ya iya sau da ɗebewa yana iya yin lissafin da kansa.

Asalin maganar shi ne, hanyar da duniyoyi ke bi wajen kewaya rana, watau falakinsu, ba cikakkiyar da'ira ba ce. Wani masani Bajamushe mai suna Johannes Kepler ne ya bayyana haka a shekarar 1609, bayan ya yi shekaru yana nazarin awon da Tycho Brahe, mutumin Denmark, ya yi wa jar duniyar nan da Turawa ke kira Mars. Ya gano cewa falakin miƙaƙƙe ne kaɗan, kuma rana ba a tsakiyarsa take ba, ta goce gefe ɗaya.

Mai karatu na iya zana irin wannan falaki a tsakar gida. Ka kafa turaku biyu, ka ɗaura musu bakunan igiya guda sako-sako, sa'an nan ka sa tsinke ka ja igiyar ta miƙe, ka kewaya kana zane a ƙasa. Rana tana kan turke ɗaya ne, ɗayan kuwa ba kome a kansa. Iyakar nisan turakun da juna, iyakar miƙewar zanen.

To, lambobi biyu kaɗai ake bukata. Ta farko ita ce matsakaicin nisa, watau rabin tsawon falakin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta biyu ita ce gocewa, wadda ke nuna kashi nawa na wannan nisa rana ta kauce daga tsakiya. A cikakkiyar da'ira gocewa sifiri ce, in kuwa ta doshi 1, to falakin ya miƙe ƙwarai. Sai a yi sau na lambobin biyu, a ɗebe abin da aka samu daga matsakaicin nisa. Abin da ya rage shi ne mafi kusancin duniyar da tauraronta. In kuma aka tara maimakon ɗebewa, an sami mafi nisa.

Mu gwada da tamu duniyar. Matsakaicin nisanta da rana kilomita miliyan 149.6 ne, gocewarta kuwa 0.0167. Sau ɗinsu ya ba da miliyan 2.5. Ke nan wajen 3 ga Janairu muna nisan miliyan 147.1, wajen 4 ga Yuli kuma miliyan 152.1. Wannan bambanci bai taka kara ya karya ba, don hasken da ƙasa ke samu a Janairu bai ɗara na Yuli da fiye da kashi 7 cikin 100 ba. Abin da ke kawo hunturu shi ne karkatar ƙasa da kimanin digiri 23 da rabi, wadda kan sa rana ta yi kudu, iska mai sanyi ta taso daga Sahara.

Ba kowace duniya ce ta yi wannan dace ba. Uɗaridu, wadda ta fi kowace kusa da rana, matsakaicin nisanta miliyan 57.9 ne, gocewarta 0.2056, don haka takan matso har miliyan 46, ta kuma ja baya har miliyan 69.8. A shekarar 2001 kuma an gano wata ƙatuwar duniya, HD 80606 b, mai kewaya wani tauraro dabam cikin kwana 111. Matsakaicin nisanta wajen miliyan 69 ne, amma gocewarta 0.93, saboda haka takan faɗo har ƙasa da kilomita miliyan 5 daga tauraronta. A 2007 madubin hangen sama na Spitzer ya ga zafinta ya kusan ninkawa cikin awa shida.

Wannan ne ya sa masana masu neman duniyar da rai zai iya zama a cikinta ba su tsayawa ga matsakaicin nisa kawai. Inda gocewar ƙasarmu ta kai ta waccan, da ruwan teku ya tafasa sau ɗaya kowace shekara, da ba gero, ba dawa, ba mu. Idan Janairu ta zagayo ka ja bargo, ka tuna da 0.0167, ka gode wa Allah.