Horon Bazara a Sansanonin Matasa 'Yan Tseren Zamiya na Ƙasar Norwe

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin yadda ake horar da matasa 'yan tseren zamiya na dogon zango a watannin da babu dusar ƙanƙara, tare da ɗaukar ƙasar Norwe a matsayin misali. An fayyace kayan aikin horon da sigoginsa da ma'aunin nauyinsa, sannan aka dubi dokokin da suka kare yara daga gaggawar manya. Muƙalar ta nuna cewa amfanin sansanin bazara ya dogara ne a kan horo mai sauƙi mai tsawo da kuma sauya nau'o'in motsa jiki, kuma yakan koma illa idan aka ɗora wa yaro ma'aunin babba.

1.0 Gabatarwa

Tseren zamiya na dogon zango wasa ne da ake yi a kan dusar ƙanƙara. Ɗan wasa yakan ɗaura wasu dogayen katakai sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya riƙa tura kansa a kan hanya mai hawa da gangara da shimfiɗa. Salon tafiyar iri biyu ne: salon gargajiya, inda katakan ke bin layi biyu da aka tsaga, da salon ware ƙafa, wanda ya bazu bayan Ba'amurke Bill Koch ya lashe Kofin Duniya da shi a shekarar 1982.

Matsalar wasan ita ce dusar ba ta kai rabin shekara a mafi yawan garuruwan da ake yin sa. Saboda haka masu horarwa a Norwe suke cewa a bazara ake ƙera ɗan zamiya, hunturu lokacin baje koli ne kawai. Bazarar da ake nufi a nan ita ce ta arewacin Turai, wato daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. A al'adarsu, shekarar horo takan fara ne ranar 1 ga Mayu, ƙungiyoyin garuruwa da na yankuna kuma su shirya sansanoni na 'yan kwanaki a lokacin hutun makaranta.

2.0 Sigogin Horon

2.1 Katako Mai Taya

Babban makamin horon bazara shi ne katako mai taya. Guntun ƙarfe ne mara nauyi, mai taya a gaba da baya, ana ɗaure shi da irin takalmin da ake zamiya da shi, a hau kwalta. Yana koyar da daidaita jiki a kan ƙafa ɗaya, yana kuma ƙarfafa hannuwa da ciki da baya, waɗanda su ne ke aiki idan ana tura jiki da sanduna biyu a tare.

Sai dai yana da aibi biyu. Na farko, yawancinsa ba shi da birki, don haka hular kwano wajibi ce, kuma akan fara koya wa yara tsayawa kafin a koya musu gudu. Na biyu ya shafi fasaha. Tayar katakon salon gargajiya tana da wani maƙalli da ke hana ta juyawa baya, don haka ko yaro ya taka ba daidai ba, ƙafarsa ba za ta sulluɓe ba. A kan dusa kuwa, sai ya danna tsakiyar katakon da nauyinsa a daidai lokaci kafin ya kama. Yaron da ya yi bazara yana taka kuskure ba tare da an gyara masa ba, zai shiga hunturu da ɗabi'ar da ta riga ta zauna masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa masu horarwa kan ɗauki hoton bidiyo su nuna wa kowa takunsa.

2.2 Gudu da Hawan Tsauni

Siga ta biyu ita ce tafiya da gudu da sanduna a kan tudu. Akwai nau'in da 'yan Norwe ke kira elghufs, inda ɗan wasa ke hawa da dogon taku mai kama da tsalle, yana dogara sanda kamar yana kan dusa. Akwai kuma gudu a cikin fadama, inda ƙasa mai laushi ke wahalar da zuciya da huhu ba tare da ta bugi gwiwa da idon sawu ba. A kan waɗannan ake ƙara hawan keke, tuƙa kwalekwale, ninƙaya, ƙwallon ƙafa da atisayen ƙarfi da nauyin jiki.

2.3 Neman Dusa a Bazara

Wasu ƙungiyoyi kan kai matasansu tsaunin Sognefjellet, inda hanyar mota ta kai tsayin mita 1,434, dusa kuma ke kaiwa farkon bazara ba ta narke ba. Wasu kan nufi ramukan zamiya da ake sanyaya su da na'ura, kamar na Vuokatti a Finlan, wanda aka buɗe a 1998, da na Torsby a Suwidin, wanda aka buɗe a 2006. Amfanin waɗannan wurare shi ne su tuna wa ƙafa abin da taya ke mantar da ita.

3.0 Ma'aunin Nauyin Horo

Wanda ya ziyarci sansani karon farko zai yi mamakin yadda mafi yawan horon ke tafiya a hankali. Akan fita sau biyu a yini, safe da yamma, amma galibin fitar a kan saurin da yaro zai iya hira da na kusa da shi ne. Binciken Stephen Seiler, masanin kimiyyar motsa jiki a Jami'ar Agder, ya nuna cewa fitattun 'yan wasan juriya suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na zaman horonsu a sauƙaƙe, sauran kuma da tsanani. Dalili shi ne horo mai sauƙi mai tsawo yana ƙara yawan ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka, yana ƙara jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, kuma jiki na farfaɗowa daga gare shi da wuri.

Misali mafi shahara shi ne na Marit Bjørgen, wadda ta ci lambobin Olamfik 15, 8 daga ciki na zinare. Nazarin da Solli da Tønnessen da Sandbakk suka wallafa a 2017 ya gano cewa a shekarunta biyar mafiya nasara tana yin horo na kimanin sa'o'i 940 a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na horon juriyarta mai sauƙi ne. Abin lura shi ne ta kai wannan adadi ne bayan shekaru masu yawa tana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kuskuren da ake gudu a sansani shi ne matashi ya ga adadin ƙarshe, ya manta da matakalar da aka taka.

4.0 Dokar Kare Yara

A shekarar 1987 hukumar wasanni ta Norwe ta amince da dokoki na musamman kan wasannin yara, waɗanda suka shafi duk wanda bai wuce shekara 12 ba. A ƙarƙashinsu, ba a fitar da jerin wanda ya zo na ɗaya da na biyu sai a shekarar da yaro zai cika 11, kuma ba ya shiga gasar zakarun ƙasa kafin shekara 13. Tasirin wannan a kan sansanin bazara a fili yake: tun da babu kofin ƙasa da ake nema wa ɗan shekara 10, mai horarwa ba shi da dalilin matsa masa. Horon ƙanana yakan kasance tseren miƙa sanda, zagaye alamomi da katako mai taya, da wasannin kora. Ƙasar da ke jinkirta gasa haka ita ce ta tara lambobi 39 a Olamfik na hunturu na 2018, ta kuma ci zinare 16 a na 2022.

5.0 Ƙalubale

Duk da haka, tsarin yana fuskantar matsi ta fuska uku. Na farko shi ne gasar bazara ta manya, irin bikin Blink na garin Sandnes, wanda a cikinsa ake tseren hawan Lysebotn, mai tsawon kilomita 7.5 da kwanoni 27. Matasa na kallon taurarinsu suna wannan, sai su mayar da kowace fita ta zama tsere, horon sauƙi ya ɓace.

Na biyu shi ne abinci. Wasan yana fifita jiki mara nauyi a wurin hawa, wanda kan sa wasu matasa su rage ci alhali aikinsu ya ƙaru. Sakamakon ya haɗa da raunin ƙashi, yawan rashin lafiya da ɗaukewar al'ada ga 'yan mata. A 2019 an dakatar da Ingvild Flugstad Østberg daga fara kakar gasa, duk da ita ce mai riƙe da Kofin Duniya, saboda ba ta cika sharuɗɗan lafiya na hukumar zamiya ta ƙasarta ba.

Na uku shi ne kuɗi. Yayin da hunturu ke gajarta a garuruwan da ke kusa da teku, tafiya neman dusa da sayen kayan taya suna ƙara tsada, wanda ke barazanar mayar da wasan jama'a ya zama na 'ya'yan masu hali.

6.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa sansanin bazara ba madadin hunturu ba ne kawai, domin a nan ake gina juriya da ƙarfi da daidaiton jiki da gasar hunturu ke aunawa. Nasararsa a Norwe ta tsaya a kan abubuwa uku: rinjayen horo mai sauƙi, sauya nau'o'in motsa jiki, da dokar da ta hana a auna yaro da mudun babba. Idan aka cire ɗaya daga cikinsu, katako mai taya da ramin sanyi ba za su hana matashi ya gaji da wasan ko ya ji rauni kafin ya kai shekarun ƙarfinsa ba.