Mai Shakka Hujja Yake Bukata

A wannan mako za mu duba al'amarin mutumin da ya bar addinin Kirista, amma bai shiga wani ba, har ya kai ga shakkar samuwar Allah da dukkan gaibu.

Sanannen misali a Nijeriya shi ne Leo Igwe, mutumin Jihar Imo. Ya yi karatun zama limamin Katolika, daga baya ya bari, ya kafa ƙungiyar marasa addini a 1996. Abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne yadda ake jifan tsofaffi da yara da maita da sunan ibada. Ashe camfi kan zama ƙofar da shakka ke shigowa.

To, mu ma nan ƙasar Haɗejiya sai mu yi wa kanmu hisabi. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ragu. Idan muka gaya wa saurayi mai ilmi cewa 'yan ruwa ne suka yi fushi, alhali ya san dalili, gobe in mun ambaci mala'iku da tashin ƙiyama zai ɗauka duk kanwar ja ce.

Wajibi ne mu raba gaibun da Alƙur'ani ya tabbatar da tatsuniyoyin bokaye. Wannan shi ne aikin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi a littafinsa Ihya'us Sunna. Kuma tambaya ba laifi ba ce. A Suratul Baƙara, aya ta 260, Annabi Ibrahim (A.S.) ya roƙi ganin yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi kusan wata biyu cikin shakka kafin ya sami yaƙini.

Saboda haka in mai shakka ya zo zaurenmu, kada mu tare shi da zagi ko barazana. Mu saurare shi, mu ba shi hujja, mu kyautata masa maƙwabtaka. Shiriya ta Allah ce. Allah Ya sa mu dace, amin.