Bitar Littattafan Nazarin Al'umma: Misali Daga Zangon Lome

Bitar littafi ba taƙaita babi-babi ba ce. Aikin mai bita shi ne ya auna abin da marubuci ya ce da hujjar da ya kawo, sannan ya jera littafin da 'yan'uwansa. Ga ɗalibin harshe kuwa, wurin farawa shi ne kalmomi.

Mu ɗauki littafin Michel Agier na 1983, Commerce et sociabilité, wanda ya rubuta da Faransanci a kan fataken zangon Lome a ƙasar Togo. A 1977 hukuma ta tashi tsohon zangon daga tsakiyar gari, aka mayar da mutanensa bayan gari ta arewa, wajen Agoè. Saboda haka tambayar farko ita ce: wane zango marubucin ya gani, tsohon ko sabon? Abin da ya gani da idonsa daban, abin da dattawa suka ba shi labari daban.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Wa ake kira Bahaushe a zango? A taken littafin ma Agier bai ce Hausawa ba, cewa ya yi 'yan Sudan, wato mutanen ƙasashen arewa. A zango Zabarmawa da Mosawa da Fulani na ciniki da Hausa, suna salla masallaci ɗaya, 'yan gari kuma kan yi musu kuɗin goro su kira su Hausawa. Enid Schildkrout ta yi nazarin zangon Kumasi a littafinta na 1978, amma Mosawa ta fi mayar da hankali a kansu. Mai bitar da ya ɗauka duk ɗan zango Bahaushe ne ta wajen asali, to bai karanta littafin ba.

Haka kalmar maigida. A Kano shugaban iyali ne ko ubangidan mutum. A littafin Abner Cohen na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, maigida shi ne mai saukar da fataken shanu da goro, ya ajiye musu kuɗi, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in an ba da bashi. Sau da yawa a Ingilishi akan fassara ta da kalmar mai gidan haya, wadda a ganina ta yi kaɗan ƙwarai. Sai ɗalibi ya duba ko maigidan Lome na Agier da na Accra a littafin Deborah Pellow na 2002 aiki ɗaya suke yi, ya kuma kawo lambar shafi.