Kafin Ki Nemi Jami'a a Ƙasar Waje

Yau a wannan fili namu ina so mu zanta a kan wani al'amari da ya yawaita a bakin 'yan makaranta da iyayensu, watau neman shiga jami'a a ƙasashen waje. Ni dai ban taɓa fita ƙasar nan ba, ilmina kuwa bai wuce takardar malanta mai daraja ta biyu ba. Amma na yi wata da watanni ina raka ƙanwata daga wannan ofis zuwa wancan a kan wannan nema, abin da na gani kuma shi zan gaya muku. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙanwar nan tawa ta ci jarrabawar WAEC ƙwarai da gaske, har wata jami'a a Ingila ta ba ta gurbi. Muna cikin murna, da aka zo haɗa takardu sai aka ga sunan da ke kan takardar jarrabawarta ya ƙare da sunan mahaifinmu, na fasfo kuwa ya ƙare da na kakanmu. Ga kuma shekarar haihuwa ta sha bamban da shekara guda. Muka je kotu muka yi rantsuwa, muka buga sanarwa a jarida, muka zauna jiran gyara. Kafin a gama, an buɗe jami'a, gurbi ya wuce ta. Babu wanda ya cuce mu, sakacinmu ne kawai.

Saboda haka, uwargida, tun yau ki buɗe akwati ki fito da takardar haihuwar 'yarki, da katin ɗan ƙasa, da takardun makarantarta, ki jera su a tabarma ki bi su harafi harafi. A nan gida mun san Hadiza ita ce Khadija, ita ce Dije. Ma'aikacin da ke duba takarda a wata ƙasa kuwa, a wurinsa mutum uku ne. Gyaran da za a yi wa yarinya tana aji huɗu na sakandare ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda za a yi jirgi na jiranta.

Sai maganar lokaci. Mai son tafiya baɗi, bana take nema. Alal misali a Ingila, yawancin jami'o'i a watan Satumba ko Oktoba suke buɗewa, ana kuma neman digirin farko ta hannun wata hukuma mai suna UCAS, a intanet. Za ki iya zaɓen wurare biyar a takarda ɗaya, ki miƙa cikin watan Janairu. Mai son aikin likita kuwa, wurare huɗu kaɗai aka yarda ta zaɓa a wannan fanni, kuma ran 15 ga Oktoba ake rufe ƙofa, watau kusan shekara guda kafin a fara karatu. Za a nemi takardar shaida daga malaminki, da bayanin da za ki rubuta a kan dalilin da ya sa kike son fannin. Wannan bayani ki rubuta shi da kanki, ki kai wa malamar Ingilishi ta duba miki. Masu karantawa sun ga dubbai, suna gane wanda aka kwafo.

Ki rubuta wa jami'ar da kanki ki yi mata tambaya biyu. Shin tana karɓar WAEC kai tsaye, ko sai an yi shekarar share fage? Da yawa sai an yi, wannan kuwa ƙarin kuɗin shekara guda ne. Sa'an nan tana yarda da sakamakon Ingilishi na WAEC, ko sai an yi jarrabawar IELTS? Ita wannan jarrabawa shekara biyu kawai sakamakonta yake aiki, don haka kada a yi ta da wuri ta lalace a hannu.

To, ga uwa uba, kuɗi. Daga watan Yuni na 2023 darajar naira ta faɗi warwas, iyaye da yawa da suka yi lissafinsu da tsohon canji suka kasa biyan shekara ta biyu. Kada a yi lissafin shekarar farko kaɗai, a yi na dukan karatun, har da ɗaki da abinci da rigar sanyi. Kafin Ingila ta ba da biza sai an nuna kuɗin sun kwana 28 a jere a banki, an yi gwajin tarin fuka, an biya kuɗin asibiti. In gida ba hali, akwai taimakon karatu. Gwamnatin Turkiyya takan buɗe nata tsakanin Janairu da Fabrairu, nema kyauta ne, wadda ta dace kuma takan fara da shekara guda ta koyon harshensu.

Ke kuma matar aure mai son ƙaro ilmi, ki sani daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai zuwa da miji ko 'ya'ya, sai masu babban digiri na bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Saboda haka ki zauna da maigida tun kafin ki cika takarda, ku daidaita wanda zai riƙe yara. Kada ki bari sai gurbi ya fito a fara jayayya.

Ki kuma yi hattara da dillalai masu cewa a ba su kuɗi su gama kome. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna ya sami digiri cikin mako shida. Kafin a biya ko kwabo, a tambayi Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ko ta san jami'ar. Wadda ta tafi kuma ta riƙa karɓar sakamakonta na kowace shekara tana aiko da kwafi gida, domin yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun koro yaranmu da yawa karatu bai ƙare ba.

Duk da haka, 'yata, ki zauna jarrabawar JAMB tare da 'yan ajinku. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Wannan shi ya ceci ƙanwata, yanzu tana jami'a a nan gida, takardunta kuwa duk sun zama suna ɗaya, tana shirin sake nema in ta gama digirin farko.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin. Sai mun sake saduwa.