Wuyar Koyon Abin Kiɗa na Farko: Duba Daga Kalangu da Algaita a Garin Lafiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro mai koyon kiɗa ya san cewa abin kiɗa na farko shi ne mai ba da wuya. Makaɗin da ya iya kalangu ba ya daɗewa bai kama hannun kotso ko jauje ba, amma kafin ya iya kalangun nan sai ya shafe shekaru. Akan ɗora alhakin wannan a kan taurin hannu da ƙarancin haƙuri. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa a kiɗan Hausa akwai wani dalili da ya fi waɗannan zurfi, wanda kuma ya shafi manazarta harshe kai tsaye. Dalilin shi ne, ba amo kawai ake bukata daga makaɗi ba, ana so abin kiɗansa ya yi magana. Za a ɗauki misalai daga kalangu da algaita, a kuma dubi al'amarin ta fuskar garin Lafiya.

2.0 Garin Lafiya

Lafiya, wadda ake yi wa laƙabi da Lafiyar Barebari, ta samo sarautarta daga Muhammadu Dunama da jama'arsa, waɗanda asalinsu ya tuke ga Barno. Ta zama babban birnin Jihar Nasarawa da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996. Sarki Isa Mustafa Agwai I ya yi mulki daga 1974 har rasuwarsa a 2019, sannan Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad ya gaje shi. Kamar a sauran fadojin Arewa, hawan Salla a nan ba ya cika sai da kakaki da algaita da ganguna.

Abin da ya sa garin ya dace da wannan nazari shi ne yawan harsunansa. Hausa ce harshen kasuwa da na hulɗar yau da kullum, amma a kewayen garin akwai Alago da Eggon da Migili da Gwandara, kuma dukkansu harsuna ne masu karin sauti. Yaro a Lafiya yana iya tashi da kunnuwa biyu, wato na harshen gida da na Hausa, kuma za a ga tasirin wannan a gaba.

3.0 Wuyar Gaɓoɓi

Ba za a musa cewa jiki na shan wahala ba. Mai koyon kalangu yana rataya shi a kafaɗa, ya saka shi a hammata, ya riƙe makaɗi da ɗaya hannun. Idan ya matse tsarkiya fata ta ɗame, amo ya hau. Idan ya saki, amo ya sauka. Ke nan hannu ɗaya na bugu, ɗaya na matsa da saki, kowanne da nasa lokaci. Sabon shiga yakan matse a daidai lokacin da yake bugu, ko bayan ya buga, alhali matsar ya kamata ta riga bugun da ɗan ƙanƙanin lokaci. Wannan tazara, wadda ba ta kai ƙiftawar ido ba, ita ce ke cinye watanni.

Algaita kuwa wuyarta a numfashi take. Sunanta daga Larabci ya fito, kuma tana da dangi a Afirka ta Arewa da ƙasar Turkiyya. Mabushi yana saka bakin algaitar gaba ɗaya cikin bakinsa, ya cika kumatunsa da iska, ya riƙa tura ta da naman kumatu a daidai lokacin da yake shaƙar sabuwa ta hanci. Ta haka amo ba ya yankewa. Jikin ɗan Adam bai saba da wannan ba, domin tun haihuwa shaƙa da fitarwa bi da bi suke zuwa. A wurare da dama na duniya akan koya wa yaro wannan dabara da tsinken kara mai rami da ƙwaryar ruwa: ya yi ta hurawa, kumfa kada ta tsaya. Sai ya iya wannan tukuna ake maganar yatsu da ƙofofin algaita.

4.0 Wuyar Harshe

Hausa na da karin sauti iri biyu, na sama da na ƙasa, sai kuma faɗau wanda ke haɗa su a gaɓa ɗaya mai nauyi. Tana kuma bambanta dogon wasali da gajere. Dubi waɗannan misalai:

wùyaa (wahala): ƙasa, sama
wuyàa (sashen jiki): sama, ƙasa
kuukaa (zubar da hawaye): sama, sama
kuukàa (itace): sama, ƙasa
gàrii (birni) da gàarii (niƙaƙƙen hatsi): kari ɗaya, tsawon wasali daban

Kowane Bahaushe yana furta waɗannan daidai tun yana ƙarami, amma ba tare da ya san yana yi ba. Malaman da suka koyar da darasin tsarin sauti a jami'a sun san yadda ɗalibi ɗan asalin harshe yake rikicewa idan aka ce ya sa wa sunansa alamar kari. Abin da ke gagarar ɗalibin nan a kan takarda, shi ake neman yaro ɗan shekara goma ya aikata da hammatarsa. Dole ya ware karin kalma daga kalmar, ya jefar da baƙaƙe da wasula, ya riƙe hawa da sauka da nauyin gaɓa kaɗai. Karin sama ya matse, na ƙasa ya saki. Faɗau, kamar a kâi (sashen jiki), sai ya buga a matse ya saki tun amon bai mutu ba. Gaɓa mai nauyi ya bar ta ta yi tsawo, marar nauyi ya katse ta.

A nan ne, a ganina, ainihin wuyar take. Mai koyon kalangu nazarin tsarin sauti yake yi ba da alƙalami ba. Ilimin da ke ɓoye a harshensa ne yake fito da shi fili, ya miƙa wa hannu.

Akwai kuma matsala ta biyu. Da zarar an cire baƙi da wasali, kalmomi da yawa sai su zama abu ɗaya. Raanaa da giiwaa da kuukaa duk gaɓoɓi biyu ne masu nauyi da karin sama, don haka a bakin kalangu ba su da bambanci. John Carrington, a littafinsa na 1949 kan gangunan magana, ya nuna yadda mutanen Kele na ƙasar Kwango ke warware irin wannan matsala ta hanyar tsawaita kowace kalma zuwa jimla sananniya. Makaɗan Hausa ma haka suke yi, ta hanyar take da kirari. Ba kowace magana ake kaɗawa ba, sai wadda kunnen jama'a ya riga ya sani. Saboda haka bayan gwanintar hannu akwai hadda: taken basarake, taken mahauta, taken ɗan dambe, taken manomi, da sanin wanda ya dace a yi wa kowanne. Makaɗin da ya kaɗa wa wani taken da ba nasa ba, ko da hannunsa ya fi na kowa zaƙi, ya yi kuskuren da ba a yafewa da sauƙi a gaban jama'a.

Wani abin lura kuma shi ne, a jimlar Hausa karin sama ba ya tsayawa a mataki ɗaya. Duk saman da ya biyo bayan ƙasa yakan ɗan gaza wanda ya gabace shi, har a kai ƙarshen jimla. Kalangu, da yake amonsa na zamewa ne ba tsalle ba, yana iya bin wannan gangara. Wannan na cikin abin da ya sa kiɗan ƙwararre ke kama da zance, na ɗan koyo kuwa ke kama da ƙwanƙwasa ƙofa.

Idan aka koma Lafiya, yaron da harshen gidansu Alago ne ko Eggon ya zo da kunne mai jin kari, wanda riba ce babba. Amma tsarin karin da ya saba da shi ba na Hausa ba ne. Gwandara ta fi ba da sha'awa: ita ce 'yar'uwar Hausa mafi kusa, amma ba ta riƙe bambancin dogon wasali da gajere yadda Hausa ta riƙe ba. Mai koyo daga irin wannan gida zai iya daidaita hawa da sauka, ya yi tuntuɓe a nauyin gaɓa. Wannan fage ne da ya cancanci a shiga da na'urar ɗaukar magana.

5.0 Hanyar Koyarwa ta Gargajiya

Makaɗan Hausa ba su da rubutaccen tsarin amo, amma suna da matakai. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da bin ubangida wurin biki. Daga nan sai a ba shi ƙaramin abin kiɗa mai amo ɗaya, kamar kuntuku, wanda aikinsa riƙe ma'auni ne kawai. Sai ya zauna daram a kan wannan kafin a bar shi ya taɓa babban kalangu. Hikimar a fili take: an raba masa wuyar gida biyu, lokaci da farko, kari daga baya. Duk tsawon shekarun nan kuma kunnensa na shan take ba tare da an ce masa darasi ake yi ba.

Wannan ne ya sa ake bambanta makaɗin gado da na haye. Musa Ɗanƙwairo ya tashi a gidan kiɗa, ya koya daga mahaifinsa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji kiɗa ba, kuma ƙarfinsa a waƙa yake, kalangun kuwa yaransa ke kaɗawa. Ga ɗan haye akwai ƙarin nauyi na zamantakewa, domin kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a 1957, al'ummar Hausa na jin daɗin maroƙi da makaɗi amma ba ta ɗora su a babban matsayi ba. Ɗan gado a tsakar gida yake kuskurensa, ɗan haye kuwa sau da yawa a ɓoye.

Abin mamaki, Shinichi Suzuki na ƙasar Japan (1898 zuwa 1998) ya gina shahararriyar hanyarsa ta koyar da gogen Turawa a kan wannan tunani: yaro ya koyi kiɗa yadda ya koyi harshen uwa, sauraro da kwaikwayo su riga karatu. Abin da ya tsara a makaranta, shi gidajen makaɗa suka daɗe suna yi a zaure.

6.0 Halin da Ake Ciki

Tun daga shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinan Kano suka karɓu, fiyano mai aiki da lantarki ya zama abin kiɗa na farko ga matasa da yawa, daga baya kuma kwamfuta ta shigo. Waɗannan sun rage wuyar gaɓoɓi ƙwarai, domin amo na nan a shirye, ma'auni ma na'ura ke riƙewa. Sai dai ba a gina su don bin karin Hausa ba, kuma mai koyonsu ba ya bukatar haddace take ko ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma masu sauraron da ke fahimtar maganar kalangu suna raguwa. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗa da kalmomin makaɗa a ƙamusunsu na 1971, amma yawancin bayanansu daga Zazzau da Katsina suka fito. Lafiya na da Jami'ar Tarayya tun 2011, kuma makaɗan fada da na mahauta da za a iya tambaya yadda suka koya suna cikin gari, tafiyar 'yan mintoci daga harabarta.